Kakana Mai Amya da Taku Goman da Bai Yi Ba

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar kakana, Malam Garba Mai Amya, Allah ya jiƙansa ya sa can ta fi masa nan. Tun da kuwa alƙalami ya shigo hannuna, bari in fara da abin da na daɗe ina faɗi a majalisa da shagon aski da bakin tasha: a duk faɗin Birnin Gwari, daga tsohon gari zuwa sabo, har ka dangana da Kuyello, ba a taɓa yin jikan da ya kula da kakansa kamar ni ba. Da ana ba da kambu a kan wannan, da biyu za a ba ni, ɗaya na sawa ɗaya na ajiya. Shekara uku tsohon nan yana hannuna, ko tuntuɓe bai yi ba. Ƙasa ta nemi ta taɓa shi ta rasa ta inda za ta ɓullo.

Abin da ba na ƙarawa a majalisa shi ne, a shekaru ukun nan bai yi tafiyar da za a yi tuntuɓe a cikinta ba. A kan kujera ya yi su. Ni na sayo kujerar, ni na ɗora shi, ni na tsaya gadi. Da ba don abin da ya sami mahaifiyata a bana ba, da har yanzu ina nan ina busa ƙirji. Ita ce 'yarsa, kuma watanni bakwai ta yi ba ta taka ƙofar gida ba, alhali ƙafafunta lafiya lau. Ganin ta kama hanyar da mahaifinta ya bi ne ya sa na waiwaya, na ga abin da ban so gani ba.

Ga waɗanda ba su riske shi ba, Kaka mutumin daji ne. Sana'arsa ɗaura amya: ya saƙa ta da ciyawa, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta, ya goya a baya ya hau can ƙololuwar ɗorawa ko maɗaci ya ɗaure, sai ƙudan zuma sun shiga sun yi aikinsu ya koma ya ɗebo. Daga Tsohon Birnin Gwari yakan taka da ƙafa har cikin dajin Kamuku, ya kwana biyu uku, ya dawo da tulunan zuma a kai. Hawan bishiya kuwa, in biri ya gan shi ya kama gindin itace, sai ya sauko ya tanƙwashe ƙafa ya ɗauki darasi. Ƙudan zuma sun harbe shi har sun gaji sun koma gaishe shi. To, wannan na ƙarshen ni na ƙara, amma sauran duk gaskiya ne, akwai masu shaida a raye.

Ni ɗan fari ne a wurin mahaifiyata, saboda haka da aka yaye ni gidansa aka kai ni, a can na yi wayo. Inna har gobe ba ta kama sunana, "kai wannan" take ce mini, kamar yadda iyaye mata suke wa ɗan fari. Kaka kuwa, wasan jika da kaka ya buɗe mana ƙofar da babu mai rufewa. Yana ce mini Ɗan Baki, ina ce masa Tsoho. In na shigo sai in ce, "Tsoho, har yanzu kana nan? Yaushe za ka bar mini gidan?" Ya ce, "Ranar da ka iya hawan ko turmi ne." Da girma ya kama shi, kakata kuma ta riga mu gidan gaskiya, na lallaɓa shi ya dawo gidana. Ya daina hawan itace, amma bai daina yawo ba. Salloli biyar a masallaci, kasuwa duk ranar ci, jana'iza ko ta wanda bai sani ba ce. In ana neman sa sai dai a tambayi hanya, kada a tambayi ɗaki.

Ranar sunan 'yata ta uku abin ya faru. Damina ce, an kwana ana ruwa, da safe baƙi suka cika ƙofar gida, cikinsu har da surukaina da suka taso daga Kuyello. An raɗa suna, an shafa fatiha, Kaka ya ce shi zai fito da goro da hannunsa. Ya ɗauko ƙwarya, ya zo tsallake dokin ƙofar zaure, silifas ɗinsa ya zame a kan jiƙaƙƙen siminti. Ya tafi gaba ɗaya. Goro ya watse, hula ta gangara. Kafin a kai gare shi ya miƙe da kansa yana kakkaɓe riga yana cewa ba komai, ba komai. Kuma kusan ba komai ɗin ne: targaɗe a wuyan hannu, mai ɗori ya ja, cikin mako guda ya warke.

Hannun ya warke, amma ni ban bar labarin ya warke ba. Allah ya yi ni da baki, kuma ga abinci ya faɗo mini daga sama. A rana ta farko na ce da ya faɗi sai da kwanukan mata suka yi ƙara a cikin gida. A rana ta uku na ce an ji girgizar a Kuyello. Kafin wata ya ƙare hular nan a Funtuwa aka tsinto ta, wani direba ya dawo mana da ita. A gabansa nake ba da labarin, a gaban baƙi, ina kwaikwayon yadda ya ɗaga hannu sama. Ana dariya, shi ma yana dariya. Sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuwa haƙora nake kallo, ban kalli ido ba.

Abin bai zo a rana ɗaya ba, shi ya sa ba mu gane ba. Sallar asuba ya fara bari a masallaci, ya ce ido ba ya gani sosai da duhu. Muka ce gaskiya ne. Sai kasuwa, ya ce kaya sun yi tsada, me zai je ya gani. Muka ce wallahi haka ne. Sai jana'iza, ya ce tsararrakinsa sun ƙare, yara ake binnewa yanzu, zuciyarsa ba ta ɗauka. Sai Juma'a, ya ce cunkoso. Kowace ƙofa ya rufe, sai ya ba da dalili mai kyau, irin wanda ba a musa wa dattijo. Ko sau ɗaya bai ce yana tsoro ba. Mu ma ko sau ɗaya ba mu tambaya ba. Wa zai dubi mutumin da ya kwana a dajin Kamuku shi kaɗai ya ce masa, Baba, ko tsoro kake ji? Ai wannan zagi ne. Ladabinmu ne ya toshe mana baki.

Na lura dai in zai tashi sai ya daɗe yana duban ƙasa, kamar mai neman allura. In zai je bayan gida, bango yake bi da tafin hannu, har sai da hannunsa ya yi wa bangon layi. Da na ga haka, sai jarumtar kula ta motsa mini. Na je wurin kafinta na sa aka yi masa kujerar katako mai hannu biyu, na ajiye a inuwar baranda. Na kafa doka a gidan: duk wanda ya ga Kaka zai miƙe ya hana shi. Buta a kawo masa, abinci a kawo masa, ruwan wanka a kai masa har bakin ɗaki, a riƙe shi hagu da dama. Na je na tambayo malamai, suka ce mai uzuri ya halatta ya yi salla a zaune, na dawo da fatawar kamar na ciyo kofi. Malaman ba su yi kuskure ba, ni ne ban gaya musu ƙafafun mutumin lafiyarsu ƙalau ba. Unguwa kuwa ta ɗauki yabo. Mata suna cewa Allah ya ba mu jika irin Ɗanlami. Ni ne Ɗanlamin, kuma wallahi na ji daɗin yabon, har tafiyata ta canja.

Akwai wata rana da ba ta barin ni. Da hantsi ne, mangwaron tsakar gidanmu ya yi fure, sai ga tarin ƙudan zuma sun taso daga wani wuri sun sauka a wani reshe na ƙasa-ƙasa, suka dunƙule kamar tulu. Mata suka kwashe yara suka shige ɗaki. Na juya na ga fuskar Kaka ta sake, irin sakin da na rabu da gani. Ya dafa hannuwan kujerar nan biyu, ya ɗaga jikinsa har ya rabu da mazauni. Daga inda yake zuwa gindin mangwaron bai fi taku goma ba. Ya dubi ƙudan, ya dubi ƙasar da ke tsakani. Ni kuwa, maimakon in miƙa masa kafaɗa, sai bakina ya riga hankalina. Na ce, "Tsoho, zauna don Allah, kada mu kwashe ka da cokali. Wannan karon hular sai Legas."

Ya koma ya zauna a hankali. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Da nisa, Ɗan Baki."

Na zaci wasa yake mayar mini, na ƙyalƙyale. Mutumin da yake taka ƙafa daga tsohon gari zuwa Kamuku ya kira taku goma nisa, ni kuma na yi dariya. Yau na san wannan ita ce ranar da ya fi kusa da gaya mini abin da ke cinsa. Ƙudan suka yini, da la'asar suka tashi abinsu. Yana kallon su har suka ɓace.

Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. A shekara ta biyu cinyoyin da suka saba maƙale itace suka zama kamar sillan kara. A shekara ta uku, ko ya so tashi ba ya iyawa, abin da yake tsoro ya zama gaskiya. Abokai suka rage zuwa, domin wanda ba a gani a masallaci da kasuwa a hankali ake mance shi. Ya rage magana, ya rage ci. Ciwon ƙirji ya kama shi a wani sanyi, kwana tara ya cika. Ban ce kujera ce ta kashe shi ba, ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma Allah ne ya san daidai. Amma shekaru ukun da ya yi kafin ajalin, waɗannan da hannuna a ciki. Garin neman gira muka rasa ido.

Nakan zauna in ce, da zai leƙo yau, me zai ce da garin nan? Dajin da ya sani kamar tafin hannunsa ya yi shekaru ba ya shiguwa ga irinsa. Mutanenmu sun ga abin da baki ba ya son maimaitawa, an bar gonaki, an bar hanyoyi, amyoyi sun ruɓe a kan itatuwa babu mai zuwa duba su. Mu mutanen Birnin Gwari babu wanda zai koya mana mene ne tsoro, mun san shi da sunansa da na ubansa. Mun kuma san akwai tsoron da yake tsare rai, wanda in ka ƙi jin sa ka yi wauta. Amma mun ga wani iri kuma: hanya ta lafa, maƙwabta suna bi suna dawowa, wani kuwa ya kasa fita, domin abin ya bar hanya ya tare a ƙirjinsa. Ina jin Kaka zai gane wannan fiye da kowa. An ce tsoro na daji, kunya na gida. Shi daji bai taɓa ba shi tsoro ba. A gida, a gaban surukan jikansa, kunya ta kama shi, ta rikiɗe ta zama tsoro, ni kuma na riƙa yi mata ban ruwa safe da yamma.

To, sai ga Inna. Ita ba ta taɓa faɗuwa ba, ko sau ɗaya. Shekarunta sun doshi saba'in, amma mace ce mai ƙwari, wadda in ta tuƙa tuwo muciya ke neman hutu. Bayan ƙaramar salla ta bara ta fara janyewa. Biki ta ce hayaniya. Islamiyya ta ce gwiwa. Tuƙin tuwo ta bar wa matata. Wanka sai an tsaya mata a bakin ƙofa. Aminiyarta ta tun ƙuruciya, Hajiya Asabe, ta kwanta ciwo a unguwar da ke tsallaken kwalbati, tafiyar da ba ta kai a dafa shayi ba, amma wata da watanni Inna sai dai aike. Har Hajiya Asabe ta aiko da saƙon da ya sa Inna kuka: in ba za ta zo dubiya ba, to kada ta wahalar da kanta zuwa gaisuwa. Ni kuwa me na yi? Na sa aka kakkaɓe kujerar Kaka, aka shafa mata sabon fenti. Mai hali ba ya fasa halinsa.

Allah ya taimake mu maganin hawan jininta ya ƙare, ya zama dole a kai ta a sake aunawa. Na ɗauko mai Keke, irin mai ƙafa ukun nan, har ƙofar zaure, muka tallabe ta kamar ƙwai zuwa ƙaramin asibitin unguwarmu. A can muka tarar da wata ma'aikaciyar jinya, Sista Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna da ta daɗe a garin nan har Hausarta ta fi tawa gishiri. Ta auna jini, ta rubuta. Na miƙe zan kama Inna mu tafi, sai ta ce, "Malam, dakata. Tun da kuka shigo nake ganin kana riƙe da ita. Mama, faɗuwa kika yi?"

Inna ta ce a'a.

"To me kike yi bara da bana kika daina?"

Inna ta gyara mayafi. Sista ta jawo kujera ta zauna kusa da ita, ta shiga tambaya ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar masu hirar tsakar gida. In za ki yi wanka, faɗuwa tana zo miki a rai? Ba ko kaɗan, ko kaɗan-kaɗan, ko sosai? In za ki tashi daga tabarma fa? In za ki miƙa hannu ki ɗauko kwano a sama? Tsallake dokin ƙofa? Hanya mai gangara? Shiga taron biki ko gidan gaisuwa? Ni ina tsaye ina amsawa a madadinta, "Ai ba ma barin ta, Sista, komai yi mata ake." Ta ɗago ta ce, "Malam, kai ma za mu zo kanka. Yanzu Mama nake tambaya." Na haɗiye sauran.

Kusan kowace tambaya Inna "sosai" take cewa, da ƙaramar murya. Da aka gama, Sista ta ajiye kujera a tsakiyar ɗaki ta ce Inna ta zauna, ta tashi ba tare da an kama ta ba, ta taka zuwa bango, ta juyo, ta dawo ta zauna. Ta tsaya kusa da ita tana duban agogo. Inna ta tashi, ta je, ta dawo, ta zauna, tsaf. Aka sake auna jininta a zaune da a tsaye, aka duba idonta, aka tambayi magungunan da take sha, har takalminta sai da Sista ta ɗaga ta juya.

Sannan ta ce, "Mama, ƙafafunki sun fi na ɗanki. Tsoron ne ya fi ƙarfin dalilinsa. In kika ci gaba da zama kuwa, ƙafar za ta bi tsoron, nan da baɗi sai an ɗaga ki."

A nan Inna ta faɗi maganar da ta tsinka mini jijiya. Ba ni ta kalla ba, bango ta kalla. Ta ce, "Na ga yadda Baba ya ƙare. Faɗuwa ɗaya ce ta zaunar da shi har kabari."

Shekara goma sha ɗaya tana ɗauke da wannan. Ita a ganinta dokin ƙofa ne ya gama da mahaifinta, saboda haka ta ƙudura ba za ta ba ƙasa dama ko sau ɗaya ba. Ba ta san targaɗen mako guda ne kawai rabon dokin ƙofa a cikin lamarin ba, sauran aikinmu ne. Ashe kulawar da nake taƙama da ita ba Kaka kaɗai ta zaunar ba, har 'yarsa ta biyo ta kamo.

Na tambayi Sista, da kakana ne aka kawo mata, mutumin da ba a haɗa sunansa da tsoro, yaya za ta yi? Ta yi dariya ta ce ai dattawa maza ba a ce musu "kana tsoro". In ka faɗa, sai su ba ka labarin kurar da suka kora da sanda. Abin da suka daina yi ake tambaya, da wurin da suka daina zuwa, a bar su su lissafa da bakinsu. Ta ce ba kowane tsoro ne na banza ba. Akwai tsohon da jiri ke ɗiba, ko ido ya yi yana, ko ƙafa ta mutu da gaske, wannan tsoronsa gaskiya ne, magani da sanda da mai rakiya yake bukata. Akwai ma wanda ya kamata ya ji tsoron bai ji ba. Amfanin tambayar da gwajin shi ne a raba wannan da wancan, kada a yi wa kowa kujera. Duka abin bai kai tsawon huɗubar Juma'a ba. Takarda ɗaya, kujera ɗaya, agogo ɗaya, da mutum mai haƙurin sauraro.

Nakan kwatanta Kaka a gaban matar nan. Na san da farko zai yi ta zillewa, ya ce kasuwa tsada, masallaci duhu. Zai tambaye ta 'yar wane gari ce, ya ce ya taɓa sayar da zuma a can. Amma in ta ce, Baba, tashi ka taɓa bangon can ka dawo, na rantse zai tashi, ko don kada mace ta ga gazawarsa. In ya je ya dawo kuwa, da ya ji da ƙafarsa abin da babu wanda ya gaya masa a cikinmu: cewa har yanzu tana ɗaukar sa. Da na sani ƙeya ce, a baya take. Amma ina rubuta wannan ne don masu tsofaffi a gida yau. In kun ga tsohonku yana rufe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, kowace da dalilinta mai kyau, kada ku tsaya a kan dalilin. Ku kai shi a tambaye shi, a gwada shi. In kuma ya taɓa zamewa a gaban jama'a, ku riƙe bakin mai barkwancin gidanku, ko da kuwa da igiya ne.

Sista ta ba Inna aiki. Safe da yamma ta tashi daga kujera ta zauna sau da yawa, tana kusa da bango. Ta zaga tsakar gida, kullum ta ƙara kaɗan. A canja mata silifas da takalmi mai kama dunduniya. A kankare gansakukar makewayi, a kafa ƙarfen dafawa. Ni kuma nawa aikin, in ji ta, shi ne in mayar wa Inna muciyarta, in kuma sa hannuwana a aljihu. Wannan na ƙarshen ya fi duka wuya. Mako na farko Inna tana zagaye ina bin ta a baya kamar kaza da 'ya'ya. Mako na uku ta tuƙa tuwon dawa, gidan ya ci har da santi. Kujerar Kaka kuwa na kai ta masallacin unguwa, ga masu uzurin gaskiya.

Me ya rage na Malam Garba Mai Amya bayan shekara goma sha ɗaya? Amyoyinsa sun koma ƙasa. Itatuwan da ya hau, wasu an sare, wasu suna can inda ba mu zuwa. Bai bar gona mai yawa ba, bai bar shanu ba. Amma har yau in tsofaffin garin nan suka ɗanɗana zuma a kasuwa, sai su taɓe baki su ce ba ta kai ta Garba ba. Ya bar mana gaskiyar awo, bai taɓa haɗa zumarsa da ruwan sukari ba. Ya bar mana haƙurin da ya yi da jika mai dogon harshe, wanda bai taɓa ce wa "ka ɓata mini rai" ba. Ya kuma bar ƙafafunsa a jikin 'yarsa. Waɗannan ne nake roƙon Allah kada in sake zama sanadin naɗe su. Allah ya gafarta masa, ni ma ya yafe mini abin da na yi da sunan ƙauna.

Ranar Asabar da ta wuce, da hantsi, Inna ta yafa mayafi ta ce za ta gidan Hajiya Asabe. Na ce bari in kira mai Keke. Ta ce da ƙafa. Ta tsallake zaure, ta tsaya ta dubi titi kamar baƙuwa, sannan ta sa kai. Maƙwabta suna ta leƙowa, "Inna, yau ke ce a waje? Barka da arziki!" Ni kuwa aljihun ya gagare ni. Na sha gabanta ina tafiya da baya-baya, hannuwa a buɗe, ina kore awaki, ina harbin duwatsu daga hanya, ina sanarwa kamar ɗan sandan kan titi: ga rami, ga ruwa, a hankali, ga gangara. Da muka iso kwalbatin nan na kasa daurewa, na cafke gwiwar hannunta.

Ta tsaya cak. Ga ƙofar gidan aminiyarta can ana hangowa. Ta dubi hannuna a kan nata, ta daɗe tana dubansa, sannan ta zame shi a hankali ta haye kwalbatin ita kaɗai. Sai da ta kai tsallake ta waiwayo.

Ta ce, "Kai wannan, ni aka ce ina tsoron faɗuwa, amma hannunka ne ke rawa. Ranar da zan koma wurin Sista ka shirya, kai za a fara aunawa."